Franz Liszt: Makaɗin da ya fara cika zaure da kiɗan piyano shi kaɗai

Duk wanda ya taɓa yankar tikiti ya shiga ɗaya daga cikin manyan zaurukan kiɗa na duniya, irin su Philharmonie da ke Paris, ko Carnegie Hall na birnin New York, ko Musikverein na Viyana, a daren da makaɗin piyano zai yi wasa shi kaɗai, ya san yadda abin yake. Mutum dubu biyu ko fiye za su zauna a jere, a rage hasken fitilu. Babu komai a kan dandamali sai baƙin piyano guda ɗaya da aka ajiye a gicciye, murfinsa a ɗage yana kallon jama'a. Sai mutum ɗaya ya fito, ya ɗan rusuna, ya zauna, ya ɗora yatsu a kan madannai 88. Babu mawaƙi, babu ƴan amshi, galibi ko takardar kiɗa babu a gabansa. Duk abin da zai kaɗa na kusan awa biyu yana cikin kansa.

Wannan al'ada ba ta cika shekara 200 ba, kuma masana tarihin kiɗan Turai sun fi danganta ta da mutum ɗaya, Franz Liszt, wanda ake furta sunansa List. Shi ne ya nuna cewa makaɗi guda da piyano guda za su iya riƙe babban zaure dare guda cur. Ya yi suna da dukiya a kan haka, sannan yana ɗan shekara 35 ya ajiye sana'ar. A shekara 39 da suka rage masa a duniya, bai sake hawa dandamali don neman kuɗin kansa ba.

Ɗan mai lissafin tumaki

An haifi Liszt ranar 22 ga Oktoba 1811 a ƙauyen Raiding, wanda ƴan Hangari ke kira Doborján. A lokacin ƙauyen yana cikin masarautar Hangari, a ƙarƙashin daular Ostiriya. A shekarar 1921, bayan yaƙin duniya na ɗaya, aka sake jan iyaka, ƙauyen ya faɗa cikin Ostiriya, inda yake har yau. Jamusanci ake yi a gidansu, saboda haka yaron bai tashi da harshen Hangari a bakinsa ba, kuma wannan magana ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Mahaifinsa, Adam Liszt, ma'aikacin gidan sarautar Esterházy ne, shi ke kula da lissafin garkunan tumakinsu a Raiding. Kafin nan ya zauna a garin Eisenstadt, inda yakan kaɗa cello, wato babban gogen Turawa, tare da makaɗan fada, har ya san shahararren mai tsara kiɗa Joseph Haydn. A wancan zamani makaɗi bara ne a gidan mai sarauta. Haydn, duk da girman sunansa, ya yi kusan shekara 30 yana sanya kayan ma'aikatan gidan Esterházy, yana jiran a gaya masa abin da maigida ke son ji.

Adam ne ya fara koya wa ɗansa piyano yana wajen shekara bakwai. A 1820, yana ɗan shekara tara, yaron ya yi wasa a gaban jama'a a garin Sopron, sannan a Pressburg, wato Bratislava babban birnin Sulobakiya a yau. A can ne wasu masu sarautar Hangari suka haɗa kuɗi, suka yi alƙawarin ɗaukar nauyin karatunsa na shekara shida. A 1822 iyalin suka koma Viyana. Carl Czerny, wanda ya yi karatu a hannun Beethoven, ya karɓe shi ya gyara masa yatsu, ya kuma ƙi karɓar kuɗin koyarwa. Tsoho Antonio Salieri ya koya masa tsara kiɗa. Liszt bai manta da alherin Czerny ba. Bayan shekara 30 ya sadaukar masa da ɗaya daga cikin manyan ayyukansa, jerin kaɗe-kaɗe 12 masu wuyar gaske da ake kira Études d'exécution transcendante.

Baƙo a Paris

A watan Disamba 1823 uba da ɗa suka isa Paris, da fatan yaron zai shiga makarantar kiɗa ta Conservatoire. Shugaban makarantar, Luigi Cherubini, ya ƙi karɓarsa, bisa dokar da ta hana ɗaukar baƙi a ajin piyano. Shi kansa Cherubini haifaffen Italiya ne. Dole aka nema wa yaron malamai a waje, Ferdinando Paër da Anton Reicha.

Abin da makaranta ta hana shi, gari ya ba shi. Iyalin sun sauka a titin Mail, daura da gidan Érard, masu ƙera piyano. A 1821 Sébastien Érard ya ƙirƙiro wata dabara a cikin piyano wadda ke ba wa ƴar gudumar da ke bugun tsirkiya damar sake bugawa ba tare da ta koma mazauninta gaba ɗaya ba, abin da ya sa makaɗi zai iya maimaita sauti guda da sauri ƙwarai. Érard na neman hannun da zai nuna wa duniya amfanin dabarar, yaron kuma na neman kayan aiki. A watan Maris 1824 ya yi wasansa na farko a babban dandamali a Paris, a shekarar kuma ya je Ingila ya kaɗa a gaban Sarki George na Huɗu. Faransanci ya zama harshensa, da shi ya fi magana da rubuta wasiƙu har ya mutu.

A watan Agusta 1827 zazzaɓin taifot ya kashe Adam a garin Boulogne-sur-Mer. Liszt na ɗan shekara 15, ya riga ya gaji da yawon nuna shi kamar abin kallo. Ya kira mahaifiyarsa Anna zuwa Paris, ya shiga koyar da ƴaƴan masu hali gida-gida, tun safe har dare. Ya kamu da son wata ɗalibarsa, Caroline de Saint-Cricq, ƴar ministan kasuwanci, amma uban ya nuna masa ƙofa, don a wurinsa malamin kiɗa ba sa'an ƴar minista ba ne. Liszt ya kwanta ciwo, ya ɓace daga idon jama'a, har wata jaridar Paris ta buga labarin mutuwarsa a 1828.

Mutum uku ne suka farkar da shi. A Disamba 1830 ya haɗu da Hector Berlioz, ya ji Symphonie fantastique a ranar da aka fara kaɗa ta. Ya yi abota da Frédéric Chopin, ɗan Poland da ya zo zama Paris a 1831. Sai kuma a Afrilu 1832 ya ji Niccolò Paganini, gwanin gogen Turawa, a wani wasan tara kuɗi ga waɗanda annobar kwalara ta shafa. Daga wannan dare ya ƙudurta zai yi wa piyano abin da Paganini ya yi wa goge. Ya kulle kansa a ɗaki yana horar da yatsu awa huɗu zuwa biyar a kullum, ban da karatun littattafai da ya duƙufa a kai don cike giɓin makarantar da bai yi ba.

Ambaliyar da ta mayar da shi dandamali

A 1835 Liszt ya bar Paris zuwa Geneva tare da Marie d'Agoult, matar wani basarake, wadda ta bar mijinta saboda shi. Abin ya zama abin magana a duk gidajen manyan Paris. Sun haifi ƴaƴa uku ba tare da aure ba: Blandine a 1835, Cosima a 1837, da Daniel a 1839. A tsakanin nan ya dawo Paris don kare kambunsa daga Sigismond Thalberg, wanda ake cewa yana kiɗa kamar mai hannu uku. Ranar 31 ga Maris 1837 suka kara a gidan Gimbiya Belgiojoso, a wani taron taimaka wa ƴan gudun hijirar Italiya, aka tashi kowa da magoya bayansa.

A watan Maris 1838 kogin Danube ya yi ambaliya ya cinye babban ɓangaren birnin Pest, ya rushe dubban gidaje. Liszt na Venice ya karanta labarin a jarida. Shekara 15 rabonsa da Hangari, amma labarin ya taɓa shi. Ya tashi zuwa Viyana ya yi jerin wasanni, ya aika da kuɗi masu yawa ga waɗanda suka rasa muhalli. Yadda jama'ar Viyana suka karɓe shi ya nuna masa abin da ke hannunsa. A shekara mai zuwa ya ji cewa kwamitin da ke son kafa gunkin tunawa da Beethoven a birnin Bonn ya kasa tara kuɗi, sai ya ɗauki alƙawarin cike giɓin da guminsa. Ga kuma ƴaƴa uku da uwa da ke jiran ciyarwa. Haka ya shiga yawon da ya ɗauke shi shekara takwas.

Yadda aka fara wasan mutum ɗaya

Kafin wannan lokaci, wasan kiɗa a Turai haɗin gambiza ne. Ƙungiyar makaɗa za ta buɗe taro, mawaƙiya ta rera baiti biyu, mai goge ya yi nasa, mai piyano ya fito na ƴan mintoci, wani lokaci har da mai karanta waƙa ko mai barkwanci. Wanda ya shirya taron shi zai biya su duka. Ba wanda ya yi tsammanin mutane za su biya kuɗi su zauna sauraron kayan kiɗa ɗaya tak.

A watan Maris 1839 a birnin Rum, Liszt ya gayyaci jama'a fadar Poli, ya fito shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Ranar 9 ga Yuni 1840 ya maimaita haka a zauren Hanover Square da ke Landan, kuma a tallar wannan wasa ne aka yi amfani da kalmar recital, wadda Faransawa suka ara suka mayar récital. Asalin ma'anarta karanto abu da ka, kamar yadda ɗalibi ke kawo hadda, shi ya sa mutanen Landan suka yi ta mamakin yadda za a yi hadda da piyano.

Wasu sassan tsarin sun riga shi. Jan Ladislav Dussek ya riga shi juya piyano a gicciye, Clara Wieck kuma tana kiɗa ba takarda tun tana yarinya. Liszt ne ya haɗa su wuri guda ya mayar da su ƙa'ida: piyano a gicciye don a ga fuskar makaɗi da hannuwansa, murfi a buɗe don sauti ya nufi jama'a, kiɗa daga ka, sannan jerin kaɗe-kaɗe da ya taso daga Bach ya bi ta kan Beethoven da Schubert ya iso ga Chopin da nasa. A zamanin da babu rediyo babu faifai, mutumin ƙaramin gari ba shi da hanyar jin simfoni, wato dogon kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa. Liszt ya juya irin waɗannan ayyuka zuwa yatsu goma. A tsawon rayuwarsa ya mayar da duk simfoni tara na Beethoven kiɗan piyano, haka ma waƙoƙin Schubert fiye da 50.

Shirun da ake yi a zaure a yau kuwa daga baya ya zo. A wasannin Liszt akan yi sowa a tsakiyar kiɗa, shi ma yakan sauko daga dandamali ya yi hira da mutane kafin ya koma. A Milan a 1838 ya sa aka ajiye tukunya a bakin ƙofa don kowa ya jefa takardar abin da yake so a ƙirƙiro masa kiɗa a kai nan take. Wani ya rubuta babbar majami'ar Milan, wani jirgin ƙasa, wani kuma ya nemi a gaya masa ko aure ya fi zaman gwauro.

Daga Lisbon zuwa Santambul

Tsakanin 1839 da 1847 Liszt ya yi wasa fiye da sau 1,000. Ya je Fotugal da Sipaniya, ya je Ireland da Scotland, ya je Mosko. Layin dogo bai yaɗu ba tukuna, mafi yawan tafiyar a keken doki aka yi ta, cikin sanyi da laka.

Ranar 4 ga Janairu 1840, a gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Pest, manyan Hangari suka miƙa masa takobin girmamawa a gaban jama'a. Ƴan ƙasar na cikin fafutukar kare harshensu da martabarsu a ƙarƙashin mulkin Viyana, suna neman ɗan ƙasa da duniya ta sani. Liszt, cikin kayan gargajiyar Hangari, ya tashi ya yi jawabin godiya da Faransanci, domin ba ya jin harshen mutanen da ke karrama shi. Jaridun Paris suka yi ta zana shi da takobi suna dariya.

A Berlin, daga ƙarshen Disamba 1841, ya yi wasa 21 cikin mako goma. An ruwaito mata na rige-rigen safar hannunsa, suna ɗaukar guntun tabarsa da ragowar kofinsa, suna mayar da tsinkakkun tsirkiyoyin piyanonsa abin hannu. Ranar da zai bar birnin, a Maris 1842, fararen dawaki shida ne suka ja kekensa, ayarin kekuna na biye. Marubucin Jamus Heinrich Heine ya raɗa wa wannan zazzaɓi suna Lisztomanie. A Afrilu 1842 a Saint Petersburg mutum kimanin 3,000 suka cika zauren masu sarauta, aka ajiye masa piyano biyu a tsakiya, yana tashi daga wannan ya koma wancan don kowane ɓangare ya ga fuskarsa.

Kuɗi sun shigo, sun kuma fita. Ya taimaka wa mutanen Hamburg bayan gobarar 1842, ya ba da gudummawa ga ginin babbar majami'ar Cologne, kuma a Agusta 1845 aka buɗe gunkin Beethoven a Bonn a gaban Sarauniya Victoria ta Ingila da Sarkin Prussia, da kaso mai tsoka na kuɗin daga aljihunsa. Amma gida ya biya farashi. Ya rabu da Marie d'Agoult a 1844 cikin ɗaci, ita kuma ta rama da wani littafin ƙagaggen labari mai suna Nélida da ta fitar a 1846. Ƴaƴan suka tashi a hannun kakarsu a Paris, kuma ya yi kimanin shekara takwas bai sa su a ido ba.

A watan Yuni 1847 ya isa Santambul, ya yi wasa a fadar Sultan Abdulmajid na Daular Usmaniyya, a kan piyanon Érard da aka aiko daga Paris. Shugaban makaɗan fadar shi ne Giuseppe Donizetti, yayan shahararren mai tsara opera, kuma Liszt ya ɗauki taken da Donizetti ya tsara wa Sultan ya gina kiɗan piyano a kai. Sultan ya ba shi lambar girma. Bayan wata uku, a Satumba 1847, a garin Elisabetgrad da ke Yukren ta yau, ya yi wasansa na ƙarshe na neman kuɗi.

Weimar

A farkon wannan shekara, a birnin Kiev, ya haɗu da Gimbiya Carolyne zu Sayn-Wittgenstein, ƴar Poland mai tarin gonaki, wadda aurenta ya riga ya mutu a zahiri. Ita ce ta ƙarfafa masa gwiwa ya bar yawo ya zauna ya rubuta. A 1848 ya tare a Weimar, ƙaramin garin Goethe da Schiller, a matsayin shugaban makaɗan fada. A shekarar ce Hangari ta yi bore ga Ostiriya, aka murƙushe boren a 1849, kuma wasu sun zarge shi da zama nesa alhali an ba shi takobi.

A Weimar ya tsara mafi yawan ayyukan da ake kaɗawa a yau. Ya fito da sabon salon kiɗan ƙungiya mai bin labari ko waƙa, wanda Faransawa ke kira poème symphonique, ya rubuta 12 a can. Ya fitar da 15 na farko cikin Rhapsodies hongroises. A 1853 ya kammala Sonata a B minor, kiɗan piyano na kusan rabin awa ba tsayawa, ya sadaukar da ita ga Robert Schumann. Ɗalibinsa Hans von Bülow ne ya fara kaɗa ta a bainar jama'a a Berlin a 1857.

Ya kuma sa ƙarfinsa a ayyukan wasu. Da aka nemi kama Richard Wagner bayan boren Dresden na 1849, Liszt ne ya ɓoye shi ya ba shi kuɗin tserewa zuwa Suwizalan. Ranar 28 ga Agusta 1850 ya jagoranci wasan farko na Lohengrin, opera ta Wagner, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, alhali mai ita na gudun hijira. Duk da haka garin bai sake da shi ba. Zamansa da Carolyne ba aure ya sa manyan gari suna ƙaurace mata, ƴan jarida na sukar sabon salonsa, kuma a Disamba 1858 aka yi ihu a wasan wata opera ta abokinsa Peter Cornelius da yake jagoranta. Ya ajiye aikin. A 1859 ya fitar da littafi da Faransanci inda ya ce kiɗan da ake kira na Hangari asalinsa na ƴan ƙabilar Roma ne, waɗanda Faransawa ke kira Tsiganes. Ƴan Hangari da yawa suka fusata da shi. A 1860 Johannes Brahms da Joseph Joachim suka sa hannu a wata takarda ta adawa da tafarkin kiɗansa.

Baƙar riga

Sai rashe-rashe suka biyo. Ɗansa Daniel ya mutu a Disamba 1859 yana ɗan shekara 20. An sa ranar ɗaurin aurensa da Carolyne a Rum ranar 22 ga Oktoba 1861, ranar da yake cika shekara 50, bayan ta yi shekaru tana neman coci ya warware aurenta na farko. Ana gobe biki, an riga an ƙawata majami'a, saƙo ya zo daga fadar Fafaroma cewa a dakata. Auren bai taɓa yiwuwa ba. A Satumba 1862 Blandine ta mutu tana da shekara 26, ƴan makonni bayan haihuwa.

Liszt, wanda tun yana yaro yake sha'awar aikin coci, ya koma wani ƙaramin gidan masu ibada, Madonna del Rosario, a kan tudun Monte Mario a bayan garin Rum. Ɗakinsa ba komai sai gado da tebur da ƙaramin piyano. Fafaroma Pius na Tara ya ziyarce shi a can a 1863. A 1865 ya karɓi ƙananan muƙaman cocin Katolika, ya fara sa baƙar riga, aka koma kiransa Abbé Liszt, ko da yake bai zama cikakken limamin coci ba. A waɗannan shekaru ƴarsa da ta rage, Cosima, ta bar mijinta Bülow ta koma wa Wagner, suka yi aure a 1870. Mutum biyun da Liszt ya fi ɗaukaka su ne a rikicin, kuma ya yi shekaru ba ya magana da ƴarsa da sabon surukin kafin su shirya a 1872.

Malamin da ba ya karɓar kuɗi

Daga 1869 ya raba shekararsa gida uku: Rum, Weimar da Budapest. A Weimar aka ba shi wani ɗan gida a bakin lambun fada, nan matasan makaɗa daga Turai da Amurka suke taruwa da la'asar. Kowa zai ajiye takardar kiɗan da ya shirya a kan tebur, malam ya zaɓa, mai ita ya zauna ya kaɗa a gaban sauran, malam ya tsayar da shi ya gyara, wani lokaci ya zauna ya nuna da hannunsa. Ba ya koyar da motsa yatsu, yana ɗauka cewa wanda ya zo ya riga ya wuce nan. Wannan salon koyarwa a gaban jama'a shi ne ake bi a manyan makarantun kiɗa har yau. Ɗaruruwan ɗalibai sun wuce ta hannunsa, kuma kamar yadda Czerny ya yi masa, bai karɓi kuɗin kowa ba. Cikinsu akwai Eugen d'Albert, Emil von Sauer, Moriz Rosenthal, Sophie Menter, da Alexander Siloti, wanda ya koyar da Rachmaninov.

A 1870 matashi Edvard Grieg na Norway ya kawo masa sabon aikinsa a rubuce da hannu, Liszt ya kaɗa shi a kallon farko, ya ƙarfafa masa gwiwa. Da gidajen opera na Faransa suka ƙi Samson et Dalila ta Camille Saint-Saëns, shi ya sa aka fara nuna ta a Weimar a 1877. A 1875 aka naɗa shi shugaban sabuwar makarantar kiɗa ta Budapest. Ya yi ƙoƙarin koyon harshen Hangari da girma, bai yi nisa ba, amma bai daina kiran kansa ɗan Hangari ba.

A Yuli 1881 ya faɗo daga matakalar gidansa a Weimar, kuma daga nan lafiya ta fara ja da baya: kumburin ƙafa, raunin gani, da baƙin ciki da yake yawan rufe shi. Kiɗan da ya rubuta a wannan lokaci, irin su Nuages gris na 1881 da La lugubre gondola, gajeru ne, babu ado, babu nuna gwaninta. Mafi yawansu ba a buga su ba sai bayan mutuwarsa da shekaru, sannan masana suka ga sun riga zamaninsu.

A 1886 ya yi zagayen ƙarshe, ya je Paris, ya je Landan inda Sarauniya Victoria ta karɓe shi a fadar Windsor. Ranar 19 ga Yuli ya taɓa piyano a gaban jama'a karo na ƙarshe a Luxembourg. Daga nan ya wuce Bayreuth, inda Cosima ke gudanar da bikin wasannin Wagner, wanda ya mutu a 1883. Ya isa da tari da zazzaɓi, duk da haka ya je ya zauna a wasa don mara wa ƴarsa baya. Ciwon huhu ya kwantar da shi, ya mutu daren 31 ga Yuli 1886 yana da shekara 74. Bikin bai tsaya ba. An binne shi a maƙabartar garin ranar 3 ga Agusta. Weimar ta nemi gawarsa, wasu a Hangari ma sun nema, amma kabarin na Bayreuth har yau.

Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877, Liszt na raye, amma babu faifai ko ɗaya da ke ɗauke da kiɗan hannunsa. Abin da ya rage shi ne takardun kiɗansa, da faya-fayan da wasu ɗalibansa irin su Sauer da Rosenthal suka ɗauka da tsufansu, da kuma tsarin wasan da ya kafa. Makarantar kiɗa ta Budapest na ɗauke da sunansa, haka ta Weimar, kuma tun 2011 filin jirgin saman Budapest ake kiransa Liszt Ferenc, yadda ƴan Hangari ke faɗin sunan. A Raiding, a gefen Ostiriya na iyakar, gidan da aka haife shi ya zama gidan tarihi, kuma a 2006 aka buɗe zauren kiɗa a kusa da shi, inda makaɗan piyano ke zuwa duk shekara su hau dandamali su kaɗai.